Na haye, ga godiyata gare ku

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, jiya Laraba bayan la'asar aka kafe rizol ɗin jarrabawarmu ta ƙarshe ta karatun likita kuma lambata tana cikin waɗanda suka haye. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na zo nan. Karatun likitan da aka ce mana shekara 6 ne ni dai ya ci min 8, mun shiga a 2017, korona ta zaunar da mu a 2020 ga yajin aikin malaman jami'a a kai, sannan na 2022 ya zo ya kwashe wata takwas cif, daga Fabrairu har Oktoba.

Abin da da yawa ba ku sani ba, wannan zama na biyu ne. Wata uku da suka wuce na faɗi a ɓangaren tiyata, kuma ba a rubutu na faɗi ba, a gaban majinyaci ne. An ba ni wata mata mai maƙoƙo, abin da na haddace kamar Fatiha, amma da malamin ya ce in duba wuyanta sai na tsaya a gabanta ina lalube, na manta ana zagayawa ta baya ne a ɗora yatsu, na manta ko ruwa ban ba ta ta haɗiye ba in ga ko kumburin zai motsa sama. Ya kalle ni kawai ya ce wuya nawa kika taɓa dubawa da hannunki? Wallahi biyu ne. A makarantarmu in mutum bai kai 50 a wannan ɓangaren ba to komai kyan rubutunsa ya tafi risit, wato sake zaman jarrabawar. Kuma ba ƙorafi nake ba amma gaskiya ce, mu kusan talatin ke zagaye gado ɗaya lokacin zagayen wod, na baya sai dai ya ji labari, ni kuma na saba laɓewa a baya da littafina da fas kweshin, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ina ganin ai na iya.

To godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga majinyata take. Akwai wani Baba daga Rigasa mai gwaiwa da ya kwana biyu yana jiran aiki, kullum in na je sai ya ce 'yata zo ki koya, ya miƙe tsaye ya yi tari sau nawa ban sani ba don in ji da hannuna, bai taɓa ɓata rai ba. Ko sunana bai sani ba. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, shi da duk wanda ya bari muka ɗora masa hannu alhali ciwo na cin sa. Haka bayin Allah da muka koyi sassan jiki da gawarsu tun aji biyu, har yau in na ji warin fomalin, maganin da ake adana gawa da shi, sai na tuna da su.

Sai babbar Anti rejistara, likitar da ke kan horon ƙwarewa, da take tsayawa da mu bayan ta gama kol, wato aikin kwana a asibiti, ido ja don rashin barci, ta sa ni in gabatar da majinyaci sau uku sau huɗu har sai na daina in'ina. Ba ta karɓi ko kwabo ba, faɗa kam na sha shi. Nas-nas ɗin wod ɗin maza na tiyata, ku ne kuke raɗa min an kwantar da sabon majinyaci a gado kaza je ki gani, na gode. 'Yan rukunin karatunmu mu biyar, ku kun riga kun haye amma kuka riƙa dawowa kuna yi min tambayoyin baiba, wato jarrabawar baka, da tocilan waya in an ɗauke wuta, Allah ya bar zumunci.

Umma, ban san ta ina zan fara ba. Adashenki nawa ya tafi a kuɗin makaranta da littattafai, kuma ranar da na dawo gida Tudun Wada ina kuka ba ki tambaye ni me ya faru ba, kunu kika dama min kika ce in yi sallah in kwanta. Baffa, na gode da kuɗin keke na kullum. Yaya, kwamfutarka da na riƙe shekara uku zan dawo da ita, batirin ne dai ya mutu.

Yanzu saura rantsuwa a gaban MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, a ba mu lasisin wucin gadi, sai aikin hos, wato horon sababbin likitoci a asibiti, na shekara ɗaya, wata uku-uku a tiyata, yara, mata da haihuwa da kuma ɓangaren manya, kafin bautar ƙasa. Don haka masu turo min hoton sakamakon gwaji ta WhatsApp tun jiya, don Allah ku je asibiti a duba ku. Akwai ɗan walima a gida ranar Asabar bayan azahar, Umma ta ce waina za a yi, kowa ya zo.