Abin da Takardun McGahern Suka Koya Mini

Tun muna firamare aka dasa mana tsoron karce a littafi. Malaminmu na aji huɗu yakan ɗaga littafin yaro sama ya nuna wa 'yan aji idan ya ga an soke kalma an ɗora wata a samanta, ya ce wannan ƙazanta ce, kuma mai tsaftar zuciya shi ne mai tsaftar shafi. Da wannan tarbiyya na girma, har na yi imani cewa gwanin rubutu ba ya gyara, magana takan zubo masa ne a shirye. Ban rabu da wannan tunani ba sai da na je karatun digiri na biyu a fannin adabi a Jami'ar Galway da ke yammacin ƙasar Ayalan, inda malamar da ke duba aikina ta tura ni sashen adana takardun tarihi na laburaren jami'ar, in zauna da rubuce-rubucen hannu na John McGahern, marubucin labarai ɗan ƙasar ta Ayalan.

An haifi McGahern a shekarar 1934, ya tashi a karkarar Leitrim da Roscommon. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, ta rasu yana ɗan shekara tara, sai ya koma hannun mahaifinsa, sajan ɗin 'yan sanda a ƙauyen Cootehall. Shi ma ya yi aikin koyarwa a Dublin, amma a 1965 hukumar tace littattafai ta ƙasar ta haramta littafinsa The Dark, abin da ya jawo masa rasa aikin. Ya miƙa takardunsa ga jami'ar a 2003, shekara uku kafin rasuwarsa a 2006.

Kafin in shiga ɗakin nan na riga na karanta gajeren labarinsa mai suna Korea, wanda ya fito a tarin labaransa na 1970. Labari ne na 'yan shafuka kaɗan a kan uba da ɗansa masunta, suna kama wani dogon kifi mai kama da maciji da ake kai wa kasuwar Landan. Uban ya matsa wa yaron ya tafi Amurka neman arziki, daga baya yaron ya ji shi yana gaya wa wani dillalin shanu cewa sojan Amurka da aka kashe a yaƙin Koriya ana biyan iyayensa dala dubu goma. Yaron bai tuhumi uban ba, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi ba zai tafi ba, suka ci gaba da aikinsu a cikin kwalekwale. Sauƙin harshen labarin ya sa na ɗauka a zama ɗaya aka rubuta shi, bayan cin abincin dare.

Dokokin ɗakin karatun su ne suka fara gyara mini zama. Jaka da biro a waje ake barin su, fensir kaɗai ake shiga da shi, domin ɗigon tawada ɗaya a kan takarda irin wannan ba shi da magani. Ana cika ƙaramar takardar neman abin da ake so, ma'aikaci ya kawo fayil ɗaya, kuma ba a ba da na biyu sai an mayar da na farko.

Da na buɗe daftarin gajerun labaransa, abin da na tarar ya ɗaure mini kai. Da yawa ba cikakken labari ba ne, gutsure ne: sakin layi guda da ya rubuta, ya sake kwafe shi a wani shafin da ɗan bambanci, ya kuma sake. Akwai kalmomin da ya soke waɗanda har yanzu ana iya karanta su a ƙarƙashin layin, akwai kuma shafukan da aka buga da tafireta amma alƙalaminsa ya sake bi ta kansu. Na shafe wata safiya sukutum ina kwatanta shafuka biyu, yatsana na hagu a kan ɗaya, fensirina a kan littafina, ina neman inda suka saɓa. A hankali na lura cewa gyaran nasa ya fi karkata ga ragewa. Jimlar da ta fara da bayyana wa mai karatu abin da mutum ke ji a ransa takan ƙare da nuna abin da hannunsa ke yi kawai. Wani lokaci abin da ya cire yana da kyau ƙwarai, irin jimlar da ni da zan samu ikon rubuta ta da na yi ta nuna wa abokai, amma ya yar da ita saboda tana jawo hankali zuwa ga marubucin maimakon mutanen labarin. A nan na gane cewa shirun yaron nan na cikin kwalekwale ba daga sama ya faɗo ba. Irin wannan shiru sai an rubuta maganar tukuna, sannan a yi ƙarfin halin janye ta.

Darasi na biyu kuskurena ne ya koya mini shi. Shafukan da suka zo hannuna ba su ɗauke da kwanan wata, kuma wata rana na ga wasu uku da nake ganin an juya tsarinsu, sai na jera su yadda labarin yake tafiya a littafin da aka buga, ina ganin taimako na yi. Ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin ta matso a hankali, ta roƙe ni in mayar da su yadda na same su tun ban manta ba. Ta yi mini bayani cewa yadda takardu suke a jere shi ma shaida ne, domin mai yiwuwa marubucin daga ƙarshen labarin ya faro, kuma idan kowane mai bincike ya tsara su bisa fahimtarsa, wanda zai zo bayan shekara hamsin fahimtarmu zai tarar, ba aikin marubucin ba. Na mayar da su, kuma tun daga ranar nake bambanta abin da takarda ta nuna da abin da nake so ta nuna. Wannan ya taɓa kundin digirina kai tsaye, don sai da na cire shafuka da dama inda na yi iƙirarin sanin wane daftari ne ya riga wani alhali ba ni da hujja sai zato.

Abin da ya ƙara girmama mutumin a idona shi ne gyaransa bai tsaya a bakin maɗaba'a ba. Littafinsa The Leavetaking ya fito a 1974, amma da ya sake bin sa layi-layi lokacin da ake fassara shi zuwa Faransanci, sai ya ga kashi na biyu bai gamsar da shi ba, ya sake rubuta shi, aka fitar da sabon bugu a 1984. Marubucin da ya riga ya yi suna ya fito fili ya ce aikinsa na shekara goma baya yana da rauni, alhali ba wanda ya tilasta masa.

Akwai wani abu da yake damuna tun daga lokacin. Mu da muke rubutu a kwamfuta da waya, duk gyaran da muka yi yana haɗiye na bayansa, shafin kullum fes yake kamar yadda malaminmu na aji huɗu yake so, kuma ba abin da zai rage wa ɗalibin gobe da zai nuna masa hanyar da aka bi. Shi ya sa na koma rubuta daftarin farko da hannu a littafin makaranta mai layi, ina sa kwanan wata a saman kowane shafi. Idan zan soke kalma, layi ɗaya siriri nake ja a kanta yadda za ta karantu, kuma littattafan da suka cika ina ajiye su a cikin kwali a saman kabad, yanzu sun kai bakwai.