Yadin da ya ƙi shan baba

Wallahi har yanzu in na tuna yadin nan da na yi wa ɗauri na kai rini sai raina ya ɓaci. Ni dai abin da nake so in fitar a jikin zane shi ne tsagewar laka, irin wadda ake gani a kududdufi in ruwa ya janye da rani, ƙasa ta dare gida-gida babu biyu masu kama ɗaya. Na gaji da zagaye-zagayen nan da kowa ke ɗaurawa. Na ɗau hoto da waya a bayan unguwarmu, na zo na zana da gawayi a kan farin yadi, na bi layin da allura da zare mai ƙarfi ina tsukewa ina ƙullewa, wanda ya taɓa ɗauri ya san yadda yatsu ke tashi bororo, ga ciwon wuya.

Mai shagon da na saya a wajensa har rantsuwa ya yi min wai auduga ce zalla. Auduga zalla fa!

Na kai Ƙofar Mata a Kano, marinar da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, wani dattijo ya karɓa, yana murza bakin yadin da yatsa ya ce 'yata akwai leda a cikin wannan. Na ce Malam a dai gwada, tunda aikin ya riga ya shiga. Aka tsoma a karofi, wato ramin rini. Kun san baba, ganyen da ake rinin shuɗi da shi, kaya na fitowa kore-kore ne sai iska ta buge su su koma shuɗi, a sake tsomawa a sake ɗagawa har su yi duhu. Na kowa yana juyawa a gabana, nawa kuwa ya tsaya fari-fari, ana ɗauraya ɗan abin da ya kama yana bin ruwa. Baba zaren auduga yake kamawa, ba ruwansa da roba, ko kwana zai yi a ramin. Kuɗin yadi, kuɗin rini, uwa uba ɗaurin da ba ya kwancuwa a mayar da shi wani wuri, duk sun tafi.

Don Allah duk mai son wannan aikin, kafin ki sa allura ki yanki ɗan ƙyalle ki kunna masa ashana. Auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi, mai leda kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. A gaban mai shagon za ki yi, kar ki ji kunyar kowa. Sannan ki wanke yadin tas sitacin ya fita, shi ma yana hana rini shiga.

Da na sake a kan alawayyo, farin yadin auduga, sai ga abin da ban zata ba, wuraren da zaren bai tsuke sosai ba shuni ya ɗan kutsa, bakin layin ya fito a karkace da ƙananan rassa, sak lakar da na gani, har dattijon ya ɗaga shi yana nuna wa na kusa da shi. Yanzu da gangan nake sassauta wasu wuraren. Kunyoyin gona nake son gwadawa nan gaba, amma shagon can kam ko zare ba zan ƙara saye a ciki ba.