Kilo uku da rabi a cikin trotro

Ranar Lahadi na yi kiɗan biki a unguwar Madina da ke Accra, har yau kafaɗata tana ciwo. Daga Nima na ɗauko keyboard, wato piyanon lantarki, Yamaha PSR-SX900 ta wani abokina, kilo 11.5 ban da jaka da ƙafafunta. Yaron trotro, wato motar haya, ya kalle ta ya ce sai na biya kuɗin kujera biyu. Na biya, ya zan yi?

Tawa PSR-SX600 ce, kilo 8 da ɗoriya, ina rungumarta a cinya har tashar Circle. Amma gaskiya a faɗe ta: da na taɓa ta aron nan, gangunan da take kaɗawa da kanta suka fito da nauyi, bas ɗin ya cika rumfa. Wata Hajiya ta tsaya tana liƙa mini sidi, ta ce, "Ɗana, yau kam kiɗanka ya ƙoshi."

Sai dai da muka jona da manyan lasifikan haya, mata suna guɗa, janareto yana ruri, bambancin ya kusa ɓacewa. A ɗaki ko ƙaramin taron suna ne kunne yake kama shi sosai.

Don haka tawa tana nan tukuna. Ranar da na sayi mota, sai mu sake zama da mai shagon kayan kiɗa a kan irin ta abokina.