Saƙon Godiya Daga Iyalan Kakanmu, Tsohon Sojan Bama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunnen marigayi kakanmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako zuwa ƙauyenmu ranar Asabar da ta gabata, domin saukar Alƙur'ani da addu'ar da muka shirya masa, shi da kakarmu da abokan tafiyarsa. Mun gode wa mai girma dagaci, wanda ya buɗe mana ƙofar fadarsa da ya ga rumfar gidanmu ta kasa ɗaukar jama'a, da malam liman da almajiransa da suka fara karatu tun bayan sallar asuba, da iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu.

Abin da kaka ya bar mana game da aikin soja bai wuce ƙaramin akwatin ƙarfe ba, a cikinsa akwai littafin sallama da gara ta ci gefensa, da lambar tagulla mai siffar tauraro. Mun tashi muna jin ana cewa ya je yaƙin Hitila, har yawancinmu muka ɗauka a Jamus ya yi faɗa, shi kuwa ba mutum ne mai son a tayar da zancen ba. Saboda haka muna godiya ta musamman ga malamin tarihin nan, ɗan garinmu, wanda ya zauna ya karanta takardun, ya fayyace mana a gaban jama'a cewa da sojojin Japan aka gwabza, a ƙasar Bama da yau ake kira Myanmar. Kaka yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943, aka ɗebe ta a jirgin ruwa daga Ikko, aka zagaya da ita ta ƙarshen Afirka ta Kudu har zuwa Bombay a Indiya, daga nan aka nausa da ita dazukan kwarin kogin Kaladan.

Wani abu da malam ya faɗa ya sa wurin ya yi tsit. Kakanmu yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya ne, waɗanda suka riƙa ɗora harsashi da abinci da magani a ka, suna hawa duwatsun da mota ba ta shiga, bayan jiragen sama sun jefo kayan da lema. Na lura fuskar wasu samarinmu ta ɗan sauya, domin sun fi so a ce kakansu maharbi ne. Ni kam ban ga abin jin nauyi ba, tun da mutumin da ya bi sahun mayaƙa cikin ruwan sama da zazzaɓin sauro, da kaya a kansa, wutar da ake buɗe wa na gaba ita ake buɗe masa. Da wuyan irinsu rundunar ta isa Myohaung, inda ita da runduna ta 82 suka fatattaki Japanawa a watan Janairun 1945. Sunan garin yana nan a jikin wani barikin soja a Legas, kamar yadda barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya suke ɗauke da sunaye daga wancan yaƙi. Albashin da aka biya su bai kama ƙafar na sojojin Turawa ba, kuma da aka sallamo shi a 1946 gona ya koma, a kanta ya ƙare rayuwarsa.

Godiyar da ta fi yi mana nauyi ita ce ta gidan maƙwabtanmu na gabas. Lokacin da aka tafi da kaka, kakarmu tana da goyo, surukinta kuma ido ya riga ya tafi. Gwaggonmu, wadda ita ce goyon nan, ta miƙe a wurin taro da sandarta ta ba da labarin da ta ji daga bakin mahaifiyarta: damina uku a jere mai gidan nan yana kiran gayya a nome gonar kaka kafin a taɓa tasa, bai taɓa karɓar ko dami ɗaya ba. Kakarmu kuwa da kaɗi da sayar da ƙuli-ƙuli ta riƙe gida, ta ƙi sauraron masu ba ta shawarar ta je gaban alƙali a raba auren, wai wanda ya haye teku ba ya dawowa. Jikokin wannan bawan Allah sun zo, sun zauna a bayan jama'a kamar ba su san komai ba, sai da muka jawo su gaba. Allah Ya saka wa gidanku da alheri.

Haka nan muna gode wa iyalan abokin kaka, wanda suka fita daga ƙauyen nan rana ɗaya amma shi bai dawo ba. Ba su da kabarin da za su ziyarta, ba su da ko hoto. Malam ya shaida musu cewa a maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginshiƙan da aka rubuta sunayen sojojin da ba a san makwancinsu ba, har da na 'yan Afirka ta Yamma, kuma ya ɗauki alkawarin taya su bincika ko sunan nasu yana ciki.

Mun gode wa dattawan ƙungiyar 'yan mazan jiya da suka zo cikin kayan sarki duk da tsufa, da 'yan uwa na nesa da suka aiko da gudummawa. Wanda abinci bai kai gare shi ba, ko ya rasa tabarma, ya yafe mana, jama'ar ce ta fi ƙarfin shirinmu. Akwatin kaka yana hannun babban yayanmu, kuma duk wanda yake da irin waɗannan takardu a gidansa yana iya kawowa malam ya duba masa.

Allah Ya jiƙan kakanmu da kakarmu da abokin tafiyarsa, Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.