El Paso da Juárez: Inda Kogi Ya Ƙi Zama Wuri Guda

Da jirginmu ya fara sauka a El Paso, can ƙuryar yammacin jihar Texas, sai na leƙa ta taga ina neman inda Amurka ta ƙare, Meksiko ta fara. Gidaje ne jere tun daga gindin duwatsun Franklin har iya ganin ido. Sai da na ƙura ido na hango wani siririn kwalbati da katangar ƙarfe a gefensa. Wai kogin Rio Grande ke nan.

Neman ilimi ne ya kai ni. Jami'ar Texas da ke El Paso tana ba da digirin digirgir a tarihin yankunan kan iyaka, ni kuwa ina son in ga filin da ido kafin in ɗaure kaina da shekarun bincike. Daga harabar jami'ar ma ana hango unguwannin Juárez, garin da ke tsallaken kogin a ƙasar Meksiko, a kan tudu.

Wurin da ya fi riƙe ni shi ne Chamizal, wani fili a bakin kogin da Amurka da Meksiko suka daɗe suna jayayya a kansa. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta mayar da kogin iyakar ƙasashen biyu, amma ruwa bai san da wannan magana ba. Ya yi ta gusawa kudu, musamman bayan ambaliyar 1864, har wani yanki na ƙasar Meksiko ya wayi gari a tsallaken arewa. Aka yi shari'ar sulhu a 1911, hukunci bai yi wa Amurka daɗi ba, ta ƙi karɓa. Sai a 1963 aka cimma matsaya, a 1967 kuma shugabanni Lyndon Johnson na Amurka da Gustavo Díaz Ordaz na Meksiko suka yi bikin miƙa filin. Daga nan aka zuba wa kogin siminti don kada ya sake motsi.

A takardun gwamnati wannan nasarar diflomasiyya ce, kuma gaskiya ne. Amma an tashi mutane sama da 5,000 daga gidajensu a ɓangaren El Paso. Wanda zai rubuta kundi a kan Chamizal bai saurari muryoyin waɗannan mutane ba, a ganina rabin aiki ya yi. Shi ya sa cibiyar tarihin baka ta jami'ar ta fi burge ni a kan manyan kabad-kabad na fayil.

Washegari na tsallaka gadar Paso del Norte da ƙafa. A mashigar nan ne, a watan Janairun 1917, wata 'yar aikatau mai shekara 17, Carmelita Torres, ta ƙi yarda a yi mata wankan kashe ƙwarƙwata da ake tilasta wa masu shigowa daga Meksiko saboda tsoron cutar taifus. Mata da yawa suka mara mata baya, hanya ta toshe. Yau ma'aikata da ɗalibai ne ke ta kai da komo, kowa da takardarsa a hannu.

A Juárez na shiga tsohon ginin kwastan, inda shugaban Amurka Taft da na Meksiko Porfirio Díaz suka gana a 1909, wanda yanzu ya zama gidan tarihin juyin juya halin Meksiko. Na wuce cocin Guadalupe, wadda aka kafa a 1659, tun babu Amurka balle iyakarta.

A layin dawowa, wanda ya ninka na tafiya tsawo, na haɗu da wata ɗalibar tarihi. Ta tambaye ni, "Malam, yaya Sifaniyancinka?" Na ce da sauran aiki. Ta ce to in fara da shi kafin komai, domin rabin takardun da zan nema suna wannan tsallaken, wasu ma sai na dangana da birnin Chihuahua da Birnin Meksiko. Kafin jami'in shige da fice ya kira ni, na riga na rubuta sunayen rumbunan ajiyar da ta lissafa mini.