Wutar RAM daban, ta SoC daban

Yau wani matashi ya nuna min BIOS, wato shafin saitunan asali, na kwamfutarsa mai furosesa Ryzen 7800X3D, yana murna RAM ɗinsa (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) nau'in DDR5 ya kai gudun 6000. Idona na sauka kan wutar SoC, wato sashen furosesa da ke kula da RAM, sai gabana ya faɗi: 1.4V! Shi hankalinsa na kan wutar RAM, alhali 1.35V zuwa 1.4V da EXPO (saitin ƙara gudun RAM) ke ba ta ba abin damuwa ba ne, duk da asalinta 1.1V. Haɗarin yana cikin furosesa. A 2023 irin waɗannan furosesa sun ƙone, har AMD, mai ƙera su, ta ƙayyade SoC a 1.3V ta sabon BIOS, shi kuwa bai taɓa sabunta nasa ba.

A RAM nau'in DDR4 ma sai an san wane cif ke ciki. Samsung B-die na jure 1.5V in fanka na hura masa, amma da ya haura digiri 50 sai kurakurai su fara, C-die kuwa daga 1.35V yake soma gardama. Ga mai matsala irin ta matashin nan, a sabunta BIOS, a sauke SoC zuwa 1.25V, a bar MemTest86, mai gwada RAM, ya kwana yana gwaji. Abin da ya tsaya min a rai, kwamfutar matashin ko tari ba ta yi ba.