Irin alkama: tsirowa daban, ƙarfi daban

Alkamar da aka girbe a watan Maris sai ta yi kusan wata takwas cikin buhu kafin ta koma ƙasa a Nuwamba. A nan Damagaram waɗannan watanni ba masu sauƙi ba ne ga iri: zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, sannan laimar Agusta ta shiga ɗakin ajiya. Ƙwayar da ta sha wannan wahala tana nan da kyaunta a ido, manomi ya damƙa ya ce ai lafiya lau, alhali ɗan idon da ke gindinta, wanda shi ne ke tsirowa, ya fara gajiya. Shi ya sa gwajin da aka yi lokacin girbi ba ya amfani ga mai shuka a fadama da hunturu. A sake shi a Oktoba.

Komai yana farawa daga ɗiban samfur, kuma nan aka fi kuskure. Hannu ɗaya daga bakin buhu ba samfur ba ne, domin ƙananan ƙwayoyi da fasassu ƙasa suke gangarawa. Ƙa'idar ISTA, ƙungiyar gwajin iri ta duniya da aka kafa a 1924, ita ce in buhuna 9 zuwa 15 ne a ɗiba daga kowanne, in 16 zuwa 30 ne a ɗiba daga guda 15. Da ƙarfen soka buhu ake yi, sama da tsakiya da ƙasa. A gauraya, a kai kilo 1 labo, wato ɗakin gwaji. Daga ciki a ware giram 120 a baza kan tebur, a tsince tsakuwa da ƙaiƙayi da irin ciyawa, a auna kowane kashi.

Na awon danshi kuwa a zuba shi nan take cikin kwalba mai murfi, don iskar hanya kan canza shi. Ana niƙa shi, a auna giram 5, a sa a tanderun labo mai digiri 130 na awa 2, a bar shi ya huce a rufe tare da abin tsotse laima, a sake aunawa. In ya koma giram 4.4, danshinsa kashi 12 cikin 100 ke nan, kuma bai kamata irin ajiya ya wuce haka ba. Masana iri suna da lissafin da suke kira na Harrington: duk kashi 1 na danshi da aka rage, rayuwar iri a ajiya kan ninka.

Gwajin tsiro kowa ya san sunansa, amma yinsa daidai sai da kula. Ƙwaya 400 ake ƙirgawa ba tare da zaɓe ba, a raba ɗari-ɗari kashi huɗu. A jera su kan jiƙaƙƙiyar takardar gwaji, a rufe da wata, a naɗe kamar tabarma, a tsayar cikin leda. Takardar ta jiƙe amma kada ruwa ya taru a yatsa in an danna. In ya yi yawa ƙwayar ba ta samun iska, sai ruɓa da fumfuna. Zafin da ake so digiri 20 ne. Wannan ita ce babbar matsalarmu, don ɗaki a Zinder cikin Oktoba ya fi haka nesa ba kusa ba, alkama kuma ba ta son zafi lokacin tsirowa. In babu akwatin daidaita zafi, ko wuta ta ɗauke ya yini a kashe, sakamakon zai zalunci iri mai kyau. Gara a maimaita da a rubuta ƙarya.

Ƙirga na farko rana ta 4, na ƙarshe rana ta 8. Ba duk abin da ya fasa ƙwaya ake ƙirgawa ba. Tsiro lafiyayye yana da saiwoyi farare, da kube (murfin da ganyen farko ke fitowa a cikinsa) miƙaƙƙe wanda ganyen cikinsa ya kai aƙalla rabinsa. Wanda kubensa ya tsage fiye da kashi ɗaya cikin uku, ko ya murɗe, ko babu saiwa, nakasasshe ne. In matsakaicin kashi huɗun ya ba da 90, tazarar babba da ƙarami kada ta wuce 12.

Sabuwar alkama wani lokaci barci take yi, ba mutuwa ba. Kwana bakwai a jiƙe cikin sanyin digiri 5 zuwa 10 yakan tashe ta. Mai gaggawa kuma yana da tetrazolium, maganin da ke nuna iri mai rai: a jiƙa iri awa 18, a tsaga shi da reza ta tsakiyar idon, a sa cikin ruwan maganin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, awa 3 a digiri 30, cikin duhu. Ido mai rai sai ya rine ja, matacce ya zauna fari.

To amma duk wannan yana nuna abin da iri zai yi ne cikin jin daɗi. Fadama ba takarda ba ce. Akwai laka mai ɓawo bayan ban ruwa, akwai shukar da ta yi zurfi. Buhu biyu za su iya ba da 90 a takarda, ɗaya ya cika fangali, ɗaya ya fito tsilla-tsilla. A ganina labon da ya tsaya kan gwajin tsiro ya yi rabin aiki ne.

Alama ta farko kyauta ce: adadin rana ta 4. Iri mai ƙarfi yawancinsa ya riga ya fito, gajiyayye sai ya yi ta jan ƙafa har rana ta 8. Ta biyu ita ce tsufar da iri da gangan. A zuba ruwa mililita 40 cikin ɗan akwatin roba, a ɗora raga a sama, a baza iri layi ɗaya ba tare da ya taɓa ruwan ba, a rufe, a ajiye awa 72 a digiri 41, sannan a yi masa gwajin tsiro. Mai ƙarfi kaɗan zai sauka, rarrauna ya zube. Digiri ɗaya na sama ko ƙasa yana canza sakamako, don haka ba a buɗe ƙofar akwatin zafin sai lokaci ya cika, kuma kwatanta buhuna ake yi da shi a zama guda.

Wanda ya fi dacewa da mu shi ne gwajin Hiltner, na ƙasar Jamus tun 1911. Gasasshen jan bulo ake dakawa, a tankaɗe ya zama tsaki-tsaki milimita 2 zuwa 3, a jiƙa, a shuka ƙwaya 100, a rufe su da kaurin santimita 3. Tsiron da ya huda wannan nauyi ya leƙo shi ne zai huda ɓawon laka. Mai ciwon fumfuna ko raunin sussuka a ƙarƙashi yake lanƙwashewa, in ka tona ka same shi rawaya, a naɗe.

Daga nan sai lissafin abin da za a zuba a gona. A auna ƙwaya ɗari-ɗari sau takwas a fitar da nauyin ƙwaya dubu. Na alkama yakan kama giram 30 zuwa 50. A ce giram 40 ne, ana son tsiro 250 a kowace murabba'in mita: 250 sau 40, a raba da kason tsiro. Mai 90 kilo 111 zai ci a hekta, mai 70 kuwa kilo 143. Wanda ya faɗi ƙasa da haka, musamman in ya kasa huda bulo, ƙarin kilo ba zai gyara shi ba. A kai shi injin niƙa a yi alkaki da taliya, a nemi wani iri tun Nuwamba bai shigo ba.